Ƙafar Hippolyte da Masu Gyara

Mugu ba ya wuyar ganewa a cikin littafi. Da zarar marubuci ya sa shi ya ture makaho ko ya kwaikwayi tafiyar gurgu, mai karatu ya san inda zai ajiye shi. Tsofaffin marubutan Turai sun daɗe suna amfani da wannan dabara: a kawo mai naƙasa a tsakiyar labari, a bar sauran mutane su zo wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nuna halinsa da kansa. Mugun dai bai taɓa koya mini komai ba, don na san shi tun kafin in iya karatu. Wanda littattafan nan suka buɗe mini ido a kansa shi ne mai taimako, mutumin da ya zo da murmushi da magani da kyakkyawar niyya. A ganina shi ne ya fi cancantar a sa masa ido, kuma ban ga inda aka tona shi kamar yadda Gustave Flaubert ya yi a Madame Bovary ba, littafin da ya fito a Faransa a 1857.

Yawancin masu karanta littafin kan matar likita Emma suke tsayawa, da bashinta da samarinta da gubar da ta sha. Ni kuwa a barga nake tsayawa. A ƙauyen Yonville akwai masauki, a masaukin akwai wani bawan Allah mai kula da dawaki, sunansa Hippolyte, wanda aka haifa da ƙafa ɗaya a murɗe. Flaubert ya yi wani abu da bai kamata a wuce shi da sauri ba: ya gaya mana cewa ƙafar nan ba ta hana shi komai. Tun safe har dare yana gudu a kanta, yana tsalle kewaye da kekunan doki, har ma kamar ta fi mai lafiyar ƙarfi saboda yawan aiki. Bai kai ƙara wurin kowa ba, bai nemi magani ba.

Wanda ƙafar ta dama shi ne Homais, mai shagon magani na ƙauyen, sarkin surutu, mai ganin kansa shi ne fitilar ci gaba. Ya karanta cewa an fito da sabuwar hanyar gyara irin wannan ƙafa, sai ya ga ai bai kamata a bar Yonville a baya ba. Ya je wurin Emma ya lissafa mata ribar abin, ya haɗa da sunan da mijinta zai yi. Emma kuwa dama tana neman dalili ko guda na girmama mijin nan da ta raina. Shi mijin, Charles, ba cikakken likita ba ne, ƙaramin jami'in lafiya ne mai takardar da ba ta kai ta likita ba. Aka aiko masa da littafi daga birnin Rouen, ya dafe kai yana karantawa kullum da dare. Sai aka koma kan mai ƙafa. Homais ya lallashe shi, ya kunyata shi, ya yi masa kwaɗayin farin jini wurin mata. Uwar masauki ta sa baki, maƙwabta suka sa baki, har magajin gari. Abin da ya karya masa gardama a ƙarshe shi ne an ce ba zai biya ko kwabo ba.

Charles ya yanke jijiyar agara, aka cusa ƙafar cikin wani akwati na katako da ƙarfe da kafinta da maƙeri suka haɗa, aka ɗaure. Hippolyte ya kama hannun Charles yana sumbata don godiya. Daren ranar, tun kafin a ga sakamako, Homais ya riga ya rubuta labarin da zai aika jarida, yana yabon kimiyya, yana hasashen za a ga Hippolyte yana rawa a bikin ƙauye mai zuwa.

Bayan kwana biyar uwar masauki ta rugo tana ihu cewa yaron zai mutu. Aka buɗe akwati, ƙafa ta kumbura ta yi baƙi-baƙi. A nan akwai jimla guda da nake ganin ita ce zuciyar babin gaba ɗaya: Hippolyte ya riga ya yi ta kukan ciwo, ba wanda ya saurare shi. Kuma da kumburin ya ɗan sabe, masanan nan biyu, Charles da Homais, suka mayar da ƙafar cikin akwati, suka ƙara tamkewa don a gaggauta warkewa. Bayan kwana uku ƙafa ta fara ruɓewa. Garin neman gira an rasa ido.

Daga nan kowa a ƙauyen ya zo ya hau ma'auni. An kwantar da shi kusa da kicin don ya riƙa ganin mutane, sai mai karɓar haraji, wanda a nan yake cin abincinsa kullum, ya yi ƙorafi cewa ba zai ci kusa da wannan ba, aka mayar da mara lafiya ɗakin wasa. Manoma ranar kasuwa suna wasansu a kansa, suna shan taba, suna ce masa ai son jiki ya yi masa yawa, ya tashi. Limamin coci ya zo ya ce masa ya yi murna da jarrabawa, ya kuma tuna masa yadda ya yi sakaci da ibada. Babban likitan da aka kira daga wani gari, Canivet, ya yi wa masu aikin dariyar raini, ya zazzage Homais, amma ranar yanka sai da ya fara leƙa barga ya tabbatar godiyarsa tana cin hatsi kafin ya shiga wurin mutum. Homais, wanda ya kitsa komai, bai ce uffan don kare Charles ba, saboda Canivet kan rubuta magani a zo a saya a shagonsa. Aka yanke ƙafar daga cinya.

Emma fa? Tana gida lokacin da ihun Hippolyte ya keto ƙauyen. Abin da ke cin ranta a wannan sa'a shi ne yadda za ta zama matar abin dariya. Ta dubi Charles ta ji ta tsane shi daga gashin kai har tafin ƙafa, kuma a daren ta koma wa saurayinta. Ihun mutumin da ake yanke wa ƙafa ya zame mata hujjar cin amanar aure. Daga baya ta sa Charles ya biya faran 300 aka sayo wa Hippolyte ƙafar katako mai ado, da wando baƙi da takalmi mai sheƙi. Kyanta ya yi yawa har bai iya sa ta kullum ba, sai da ya roƙa a samo masa wata ta aiki. Charles kuwa, wanda shi kaɗai ne abin ya dama da gaske, in ya jiyo ƙwanƙwasar katakon nan a kan hanya, sai ya canza layi.

A duk mutanen nan ba wanda ya ƙi Hippolyte. Ba wanda ya zage shi da ƙafarsa. Da za a tambaye su, kowa zai rantse alheri ya nufa, kuma ba ƙarya zai yi ba. Abin da ya haɗa su shi ne kowa ya ga abin da zai samu a jikin ƙafar: wannan suna a jarida, wannan miji mai daraja, wancan ladan wa'azi. Wadda ta fi kusa da fita kunya ita ce uwar masauki, mace mai faɗa da son kuɗi, wadda ba ta iya dogon Faransanci ba. Ita ta riƙa kai masa romo da nama, ita ta ce wa limami ya ƙyale shi haka nan, ita ta nemi a kira wani likita. Ita ma dai tana cikin waɗanda suka lallashe shi tun farko.

Flaubert bai bar Homais haka ba, sai da ya sake auna shi. A kan hanyar Rouen akwai wani makaho mai bara, idanunsa duk gyambo, yana bin keken doki yana waƙa, direba kan zabga masa bulala in ya rataya a jiki. Homais ya ci karo da shi, ya yi masa bayani da manyan kalmomin likitanci, ya ba mabaraci shawarar ya riƙa cin gasasshen nama yana shan abin sha mai kyau, ya miƙa masa ɗan kwabo ya ce ya ba shi canji. Ya kuma yi alkawarin zai warkar da shi da wani man shafawa da ya haɗa da kansa. Emma, wadda a lokacin bashi ya kai mata wuya, ta jefa masa faran 5 ta bayan kafaɗa, iyakar abin da ta mallaka ke nan, don ƙyama ta kama ta kuma jifar ta yi mata kyau a ido. Man bai yi aiki ba. Makaho ya shiga gaya wa matafiya. Homais ya koma ɓuya a bayan labulen keke in za a wuce wurin, sannan ya ɗauki alƙalami. Wata shida yana rubutu a jarida kan yadda mabarata ke damun matafiya da ɓata sunan ƙasa, har sai da aka kulle makahon a gidan gajiyayyu iyakar ransa. Laifinsa guda: ya ƙi warkewa, kuma ya yi magana.

Victor Hugo ya riga Flaubert da shekara 26. Littafinsa Notre-Dame de Paris ya fito a 1831, labarin kuma a birnin Faris na 1482 yake. Quasimodo mai ƙusumbi ne, ido ɗaya a rufe, ƙararrawar cocin da yake kaɗawa tun yana ɗan shekara 14 ta kurmantar da shi. Wanda ya tsince shi ya raine shi, ya koya masa magana da karatu, shi ne babban malamin coci Claude Frollo. Alheri ne na gaske, ba na musu. Amma wannan mai rainon shi ne ya tura shi ya sato budurwa Esmeralda da dare, kuma da aka kama shi aka ɗaure a dandali ana bulala, Frollo ya zo wucewa a kan alfadari, ya gane wanda ke ɗaure, ya sunkuyar da kai ya juya. Ya raini yaro ya sami hannu na uku, ranar da hannun ya jawo abin kunya sai ya yi kamar bai san shi ba.

Wurin da ya fi ba ni dariya mai ɗaci shi ne kotu. Alƙalin da aka kai Quasimodo gabansa shi ma kurma ne, amma yana ɓoyewa. Dabararsa ita ce ya karanta takardun ƙara tun kafin zama, ya riƙa jefa tambaya yana yi kamar ya ji amsa. Ya tambayi suna, wanda ake tuhuma bai ji ba bai amsa ba, alƙali ya ce madalla, ya wuce tambaya ta gaba. Kotu ta fashe da dariya. Can bayan an yanke hukunci, magatakarda ya ji tausayi ya raɗa wa alƙali cewa mutumin nan kurma ne, yana zaton ciwo ɗaya zai sa a sassauta. Alƙali bai ji abin da aka ce ba, amma don kada a gane, sai ya ce to ai wannan ya canza magana, a ƙara masa sa'a guda a ɗaure. Laifi tudu ne. Kurma biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya da rigar sarauta ɗaya da igiya, kuma ɗaya kaɗai ake kira naƙasasshe.

Kowa ya san abin da ya biyo baya, ko da a fim ya gani. Quasimodo yana roƙon ruwa, taron da jiya jiya ya naɗa shi sarkin wawaye yana jifansa, sai Esmeralda, wadda ya yi yunƙurin sacewa, ta hau tsani ta kai masa gora a baki. Taron kuma nan take ya juya yana tafi. Ana son tsayawa a nan, amma Hugo bai tsaya ba. Da Quasimodo ya kai baki zai sumbaci hannunta, janyewa ta yi a tsorace. Daga baya da ya cece ta daga rataya ya ɓoye ta a coci, da kyar take iya duban fuskarsa, zuciyarta tana wurin kyakkyawan soja Phoebus wanda bai damu ko ta mutu ba. Ba na zarginta. Ruwan da ta ba shi ruwa ne, kuma ita kaɗai ta bayar. Sai dai Hugo ya nuna cewa ba da ruwa na minti biyu ne, zama da mutum kuwa wani aiki ne dabam, kuma ko mai kirki kan iya na farko ya kasa na biyu.

Akwai wanda ma'aunin nan ke aunawa bai sani ba, wato marubucin kansa. Charles Dickens ya fitar da A Christmas Carol a 1843. A ciki akwai marowaci Scrooge, wanda da aka zo neman taimakon talakawa ya ce in sun fi son mutuwa su mutu a rage yawan jama'a. Akwai akawunsa mai albashin sule 15 a mako, da ɗan ƙaramin yaron akawun, Tim, mai sandar dogarawa da ƙarfe a ƙafa. Da Scrooge ya ga yaron ya tambaya ko zai rayu, sai aka mayar masa da maganarsa ta rage jama'a, kunya ta rufe shi. Dabara ce mai kyau, kuma ta yi aiki a kan miliyoyin masu karatu. Amma a dubi Tim ɗin. Ba ya fushi, ba ya ƙiwa, ba ya kishin 'yan'uwansa masu gudu. Addu'a kawai yake yi wa kowa, har yana fatan mutanen coci sun gan shi don su tuna da wanda ya warkar da guragu. Yaro ne wannan ko mabuɗi da aka ƙera don ya buɗe zuciyar attajiri? Dickens ya so talaka da gaske, ya ɗanɗani talauci yana yaro, amma a nan ya yi wa Tim kusan abin da Homais ya yi wa Hippolyte: ya ga amfanin ƙafar. Ɗayan gefen ma haka ne. Shakespeare ya ɗora wa sarki Richard na Uku doro don a ga muguntarsa daga nesa, marubucin Birtaniya Stevenson kuma a littafinsa ya ba ɗan fashin teku ƙafa ɗaya ya ba wani makanta. Waliyyi ko shaiɗani, duk hanyar kauce wa mutum ce, mutumin da yake da kirki ranar Litinin ya tashi da baƙin rai ranar Talata kamar kowa.

Wani zai ce na cika tsanani. Tausayi ko na neman suna ne ai ya fi bulalar direba, kuma Scrooge ya ƙara albashi, Tim bai mutu ba. Gaskiya ne, kuma mai jin yunwa ba ya binciken niyyar wanda ya ba shi tuwo. Amma a lissafa abin da ya faru a Yonville. Direba ya yi wa makaho bulala, makaho ya tashi ya ci gaba da waƙarsa a kan hanya. Mai magani ya yi masa alkawarin waraka, ya ƙare a kulle. Shekara da shekaru Hippolyte na gudu a kan murɗaɗɗiyar ƙafa, masu ƙaunarsa ne suka raba shi da ita. Mai bulala ana iya kauce masa. Mai taimako kuwa yana zuwa da magajin gari da maƙwabta da kalmar kyauta, in ka ƙi ka zama butulu.

Mu da muka tashi da Suratu Abasa a baki bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, kuma abin da ya kawo shi wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a lokacin da ake magana da manyan Ƙuraishawa, neman sani ne. Tambaya ya zo da ita, kuma hakkinsa da aka saukar da ayoyi a kai shi ne a juyo a saurare shi. Daga baya ya zama ladan tare da Bilal, aka kuma riƙa barinsa ya ja ragamar Madina in an fita. Aiki aka ba shi da amana. Mu kuwa mun fi sabawa da jefa kwabo a ƙoƙo ta tagar mota, kamar Emma, ba tare da an haɗa ido ba. Mun saba da taron rabon keken guragu inda masu ɗaukar hoto suka fi kekunan yawa, a jera mutane a rana tun safe ana jiran babban baƙo, ba wanda ya tambayi mai hawa ko keken zai iya bin layin unguwarsu. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya a Najeriya, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya wuce. Duk mai shiga banki ko ofis ko ma masallacin unguwa sai ya ƙirga matakalar da ke gabansa.

Marubuciyar Senegal Aminata Sow Fall ta juya ma'aunin a littafinta na 1979 kan yajin aikin mabarata. Wani babban jami'i ya sa aka kore su daga titunan birni don kada su ɓata wa baƙi masu yawon buɗe ido rai. Sai malaminsa ya ce in yana son babban muƙami ya yanka sa ya raba wa mabarata a wuraren da suka saba zama. Ya neme su, sun tattara sun koma bayan gari, suka ƙi dawowa. A littafinta makafi da guragu suna taro, suna gardama, suna yanke shawara, suna da wayo da son kai irin na kowa. Su ke auna jami'in da bakinsu, kuma sun san tun farko cewa sadakar da ake ba su mai bayarwa ya fi su buƙatarta.

Flaubert bai ba Hippolyte irin wannan bakin ba. Kalmominsa a littafin ba su da yawa, mafi yawansu roƙon Charles ne ya cece shi. Amma bai manta da shi ba. Ranar jana'izar Emma, ana tsakiyar addu'a a coci, sai aka ji wani ƙara kamar ana buga sanda mai ƙarfe a kan daɓe, yana tahowa daga can baya. Wani mutum ya durƙusa da kyar. Hippolyte ne, ya sa ƙafar nan mai ado da ya ɓoye don ranar girma, ya zo ya yi wa matar likita rakiya. Homais kuwa shagonsa sai bunƙasa yake yi, likitoci uku suka zo Yonville bayan Charles duk ya kore su da kasuwa, kuma jimlar ƙarshe ta littafin sanarwa ce cewa an ba shi lambar girma ta ƙasa.